Harsashi Ba Takardar Fili Ba Ne

Duk wanda ya bi hanyar Yakowa daga Kamazou ya nufi Karji, ko ya kutsa lungunan Mahuta da Gonin Gora da bayan Unguwar Romi, zai ci karo da wani abu da ya zama ruwan dare a kudancin Kogin Kaduna: fili an jera masa bulo layi uku ko huɗu, rodi ya leƙo daga kusurwoyi ya yi jawur da tsatsa, ciyawa ta cika inda aka yi niyyar falo, ruwan sama ya kwanta inda aka yi niyyar ɗakin kwana. Wasu daga cikin waɗannan harsasai sun ga damina biyar, wasu sun ga goma. Masu su ba malalata ba ne. Malaman makaranta ne, da 'yan kasuwa, da direbobi, da 'yan fansho, mutanen da suka matse bakin aljihu shekara da shekaru kafin su sayi fili mai ƙafa 50 da 100. Idan aka tambaye su me ya sa suka zuba harsashi alhali babu kuɗin ci gaba, amsar kusan ɗaya ce: “Na dai kama wurin tukuna.” A ganina wannan ita ce babbar asarar da mai ƙaramin ƙarfi yake jawo wa kansa a harkar gini a wannan yanki. An ɗora wa harsashi aikin da ba nasa ba, wato tsare mallakar fili, kuma garin haka an hana shi yin aikin da aka san shi da shi, wato ɗaukar nauyin gida.

Ba daga sama wannan ɗabi'a ta faɗo ba, kuma rashin adalci ne a zargi mutane ba tare da an dubi yadda unguwannin nan suka tashi ba. Masana'antu ne suka fara jawo jama'a zuwa wannan ƙetare na kogi: masaƙar KTL a Kakuri tun 1957, sauran masaƙu da suka biyo bayanta, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a 1980. Ma'aikata suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Television, aka fara malala zuwa Narayi da Sabon Tasha. Daga baya rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka raba mazauna garin, iyalai masu yawa suka ƙetare kogi, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu, kowa yana neman inda zai kwanta da kwanciyar hankali. Mutumin da ya bar gidansa a irin wannan hali ba ya jiran gwamnati ta yanka unguwa ta shata tituna. Gonakin Gbagyi da ke gefen gari suka riƙa komawa fuloti ɗaya bayan ɗaya, ta hannun magada da dillalai, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, a ba mai saye takardar ciniki. Tsarin da masanin tsara birane Max Lock ya zana wa Kaduna a 1967 an yi shi ne da nufin ya kai garin 2017, amma gini ya riga tsarin isa wurare da yawa. A inda babu rajistar da kowa ya yarda da ita, abin da ido ke gani shi ne hujja, don haka mutane suka koyi cewa wanda ya riga zuba siminti shi ne mai wuri.

Sai dai doka ba ta san wannan hujja ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a yankin da aka ayyana a matsayin birni shi ne yake ba da haƙƙin zama. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu tana nuna cewa an yi ciniki kuma kuɗi sun shiga hannun wani. Ba ta nuna cewa wanda ya sayar yana da ikon sayarwa, ba ta kuma nuna cewa gwamnati ba ta riga ta ware wurin ga makaranta ko titi ko wata hukuma tun shekaru arba'in da suka wuce ba. Mazauna Gbagyi Villa a ƙaramar hukumar Chikun sun ɗanɗana wannan a 2016, lokacin da taƙaddamar fili tsakaninsu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta sake tasowa, gwamnatin jiha ta ce an shiga filin kwalejin, unguwa guda cike da gidajen da aka gama aka tare a ciki ta kwana cikin fargabar rusau. Ba ina yanke hukunci kan wanda ke da gaskiya a wannan shari'a ba ne, mazauna wurin suna da hujjojinsu kuma sun kai su kotu. Abin lura shi ne, idan gida mai rufi da fenti da iyali a ciki bai hana a yi jayayya kan ƙasar da yake kai ba, layi huɗu na bulo ba zai hana ba. Haka abin yake ga wanda ya yi gini ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko a kan hanyar bututun mai da ke shiga matata, ko a gefen layin dogo. Yawan buhunan da aka zuba ba ya mayar da wurin halal.

Za a ce, kuma da gaskiya, fili idan an bar shi fayau, wanda ya sayar maka ko ɗan'uwansa zai iya sake sayar wa wani, ka wayi gari ka tarar baƙo yana haƙa. Wannan yana faruwa, kuma ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Amma a duba abin da ke raba gardama idan aka je gaban alƙali: wane ne ya riga saye, daga hannun wa, da wace shaida, kuma wa ya yi rajista. Wanda ya ɗauko safiyo mai lasisi ya auna fili, aka kafa duwatsun iyaka, ya kai takardunsa KADGIS, hukumar da aka kafa a 2015 don riƙe bayanan filaye na jihar, aka bincika ko wurin yana da wani mai shi, wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan wanda ya tafi da hoton harsashi a waya. Idan kuma ana son alamar da ido zai gani, katanga ko da gajera ce, ko ginshiƙai a kusurwa huɗu, ko a ba wani amintacce ya riƙa noma wurin, duk suna nuna akwai mai shi, kuma babu ɗayansu da zai ɗaure mutum da fasalin gidan da bai gama tunaninsa ba. Kuɗin da ake kashewa a harsashin kama wuri yakan isa a yi yawancin waɗannan.

Bayan takarda sai ruwa, kuma a nan ne gaggawa ta fi cutarwa. Yawancin cinikin fili da rani ake yinsa, lokacin da kowane wuri yake a bushe kuma fadama da tudu suke kama ɗaya ga wanda bai san unguwar ba. Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa yana sauka ne a Yuli da Agusta da Satumba. Kogin Kaduna ya yi ambaliya mai muni a 2003, ya sake yi a 2012, kuma kusan kowace damina sai an ji labarin gidajen da ruwa ya shiga a ƙasan Barnawa da Nasarawa da kewayen rafin Romi. Ba kogi kaɗai ke cin gida ba. Unguwar da aka gina ba magudana, kowane sabon gida yana toshe wata hanyar da ruwa ya saba bi, ruwan kuma sai ya nemi wanda ya fi kowa ƙasa. Wanda ya sayi fili a Janairu ya haƙa a Fabrairu bai san komai ba game da ƙasar da zai zauna a kai har ƙarshen ransa. Ya kamata ya bari damina ta same shi da filin, ya je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi ya ga inda ya kwanta da inda ya gudu, ya dubi jikin katangun maƙwabta ya ga iyakar inda danshi ya hau, ya leƙa rijiyarsu ya ga kusancin ruwa da saman ƙasa, ya tambayi tsofaffin da suka noma wurin ko shinkafa suke shukawa ko dawa. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ta fi duk abin da dillali zai faɗa masa.

Dalilin da ya sa na dage kan wannan shi ne harsashi ne kaɗai ɓangaren gida da ba a komawa a gyara cikin sauƙi. Kwano idan ya yi yoyo a sauya shi, filasta idan ta zube a sake shafawa, taga idan ta yi ƙanƙanta a faɗaɗa ta. Abin da aka binne kuwa ya binnu ke nan. Aikinsa shi ne ya karɓi nauyin bango da rufi ya baza shi a kan ƙasar da za ta iya ɗauka, don haka zurfin rami ba abu ne da ake kwaikwayo daga maƙwabci ba. A tudu mai jar ƙasa da marmara ana iya samun ƙasa mai ƙarfi ba a yi nisa ba. A gangare mai yumɓu, ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi, shi ya sa ake ganin tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace. A wurin da aka taɓa haƙar ƙasa ko zubar da shara aka cike, wanda ya tsaya a kan cikon bai kai ƙasar asali ba, kuma gidansa zai zauna, wani ɓangare ya riga wani. Irin waɗannan wurare wani lokaci ba sa karɓar harsashin rami da aka saba, sai an shimfiɗa kankare guda mai rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, kuma injiniya ne zai faɗi haka bayan ya ga ƙasar. Ko a wuri mai kyau akwai ƙa'idojin da ba a yi musu ragi. Faɗin kankaren ƙasan rami yakan ninka kaurin bango sau uku. Bulon da ke cikin ƙasa mai inci 9 ne, a cika ramukansa da kankare. Cikon jar ƙasa a zuba shi kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, maimakon a juye tifa guda a baje da shebur. A zuba maganin gara, a shimfiɗa leda kafin a zuba daɓen ƙasa domin danshi kada ya hau bango. Daɓen ya ɗara titi tsayi sosai, domin ranar da aka zo gyaran titin za a ɗaga shi, gidan da ke daidai da shi yau gobe zai koma rami. Shi kuma kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha: ana ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Duk waɗannan abubuwa ne da ba wanda zai gani ranar tarewa, shi ya sa a nan ake fara sata, wani lokaci magini ne, wani lokaci kuma mai gidan ne da kansa yake cewa a ƙara yashi buhu ya yi auki.

To mai kama wuri ba ya yin ko ɗaya daga ciki yadda ya kamata, domin burinsa a ga alama kafin wani ya riga shi. Ba shi da zanen gida, sai magini ya shata ɗakuna da igiya da toka bisa abin da aka faɗa masa da baki. Ba a yi lissafin inda rijiya za ta zauna da inda ramin bayan gida zai zauna ba, alhali fili mai ƙafa 50 da 100 bai wuce kimanin mita 15 da 30 ba, kuma na maƙwabci yana jingine da shi, ruwan sha da ƙazanta suna iya haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani. Daga nan a tafi a bar aikin a buɗe. Ruwa ya taru a ciki kowace damina ya jiƙa ƙasan rami, rodin da aka bari a waje ya ci tsatsa, saiwar itace ta shiga tsakanin bulo. Bayan shekara bakwai mai wuri ya dawo, iyali sun ƙaru, haya ta yi tsada a unguwar, sai ya ce a ɗora bene a kan harsashin da aka yi wa ɗaki uku da falo. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta mai hawa biyu ya rufta a Jos ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Ba sai gini ya kai irin dogon benen da ya faɗi a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ba kafin ya kashe mutane. Wanda yake da ko da ɗan tunanin bene a ransa, a ƙasa ake yanke wannan shawara, tun kafin a haƙa.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta tsada, kuma ba na raina ta. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Mutumin da ya ga kuɗin da ya tara suna narkewa a hannunsa yana da dalilin cewa gara ya mayar da su ƙasa yau da ya jira gobe. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa, bai kai ga mafi yawan masu gini a Sabon Tasha ko Kudenda ba. Da albashi da adashi da ribar kasuwa ake gini a nan, kaɗan-kaɗan, kuma haka za a ci gaba da yi. Ban ce a daina gini da kaɗan-kaɗan ba. Abin da nake cewa shi ne akwai inda ake iya tsayawa, akwai inda ba a tsayawa. Wanda yake tsoron hauhawar farashi ya sayi abin da ba ya lalacewa: tsakuwa, rodi da kwano a ajiye a inuwa, bulo mai kyau da aka ba ruwa ya ƙoshi. Siminti kam ba a ajiye shi, 'yan watanni kaɗan yake yi ya fara daskarewa a buhu. Idan kayan sun taru, a shiga harsashi da niyyar kai shi har daɓe a zama ɗaya, a rufe shi ruf, sannan a huta ko da shekara nawa ce. Harsashin da aka yi rabi aka bari, ko aka yi shi da rabin simintin da yake buƙata, ba ajiya ba ce. Ranar da aka zo fasa shi ko tallafa masa, da farashin wannan ranar za a biya, har da ladan fasawa.

Akwai kuma masu cewa injiniya da mai zanen gida na masu kuɗi ne, kakanninmu sun yi gini ba su san su ba. Kakanninmu sun san gwanaye. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, ba aikin wanda ya koyi riƙe cokali jiya ba ne. Gini sana'a ce ta gado mai shugabanni, magini ya san ƙasar garinsu, ya san ramin da ake ɗebo ta, yana yi wa bango kauri a gindi ya riƙa rage shi yana hawa, kuma idan aiki ya lalace an san ƙofar da za a buga. Yau kayan sun fi nauyi, ƙasar baƙuwa ce ga mai gida da magini duka, kuma wanda ya karɓi aikin yana iya barin gari kafin tsaga ta fito. Akwai birkiloli na ƙwarai a Kaduna, da yawa ma, amma sanin jera bulo daban, lissafin nauyin da ƙasa za ta ɗauka daban. Ba a ce talaka ya ɗauki injiniya albashi ba. Ya biya a yi masa zane, ya biya injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya zo ya ga rami kafin a zuba kankare, ya sake zuwa ya ga rodi kafin a rufe. Idan aka kwatanta wannan da abin da ake kashewa a tayil da silin na ado da ƙofar ƙarfe mai zane, za a ga ba rashin kuɗi ne kaɗai ke hanawa ba, har da son abin da baƙo zai gani ya yaba.

Duk da haka, ba zai yiwu a ɗora wa mai gini laifin duka ba. Mutane suna gudun ofis ne saboda suna tsoron jeka-ka-dawo da kuɗin da ba su san iyakarsa ba, kuma da yawa ba su san hukumar tsara birane ta KASUPDA da komai ba sai jan fenti a jikin katanga. Hukumar da ba ta zo ba lokacin da ake yanka gona, ba ta zo ba lokacin da ake haƙa rami, sai bayan an yi rufi ta iso da katafila, ta makara, kuma asarar da ta biyo baya har da hannunta a ciki. Idan gwamnatin jiha tana son mutane su daina mayar da harsashi takarda, sai ta sa samun takardar ya fi zuba harsashi sauƙi. A kafa teburin bincike a kusa da jama'a, a Sabon Tasha da Kakuri da Gonin Gora, inda mai niyyar saye zai kai lambobin awon fili a gaya masa cikin 'yan kwanaki ko wurin na gwamnati ne, ko hanyar ruwa ce, ko wani ya riga ya yi masa rajista. A liƙa farashin kowane mataki a bango, da Hausa da Turanci. A buga taswirar wuraren da ruwa ke ci a raba wa hakimai da masu unguwanni, a kuma ɗora musu alhakin duk takardar cinikin da suka sa wa hannu a irin waɗannan wurare. A tanadi zanen ƙananan gidaje da injiniyoyi suka riga suka duba, mai ɗaki biyu da mai ɗaki uku, wanda mai ƙaramin ƙarfi zai karɓa da kuɗi kaɗan ya gina a matakai. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta riƙa leƙa gidajen buga bulo da ke bakin hanyar Kachia da ta Abuja, domin mai gida ba shi da na'urar gwada bulo, iyakarsa ya ɗaga ya saki ya ga ko zai fashe. Gonakin da ke bayan Mahuta da hanyar Kujama yanzu ake yanka su, kuma a can ne ma'aikatan tsara birni ya kamata su kasance a wannan rani, da na'urar awo, kafin tifar yashi ta farko ta sauke kaya.